Fashon furut a gida: rawaya ko shunayya, iri ko aure, waya ko rumfa

Wanda zai dasa fashon furut a gida, wato shukar nan mai yaɗo da ake shan ruwan cikin 'ya'yanta, yana da shawara uku da zai yanke tun kafin ya haƙa rami: wane nau'i zai dasa, ta wace hanya zai samo dashen, kuma me yaɗon zai hau. Yawancin gindin da ke cika tsakar gida da ganye amma ba ɗa ko ɗaya, ko ya yi yaushi ya mutu rana tsaka yana da shekara guda, daga ɗaya cikin ukun nan matsalarsa ta faro, tun kafin a zo maganar taki da feshi.

Asalin shukar kudancin Burazil ne da Faragwai da arewacin Ajantina, sunanta a kimiyance Passiflora edulis. Nau'i biyu ake nomawa don ci: mai ɓawo shunayya da mai ɓawo rawaya, wanda masana ke ƙara wa sunansa flavicarpa. Ganyensu da furensu sun yi kama ƙwarai, amma abin da kowanne ke so ya sha bamban.

Wurin da kake zaune shi ke fara zaɓa

Shunayya ɗan tudu ne. Yana jin daɗi a zafin digiri 18 zuwa 25, a wuraren da tsayinsu daga teku ya kai mita 1,200 zuwa 2,000. Shi ya sa ake noma shi a tsaunukan Kenya ana fitarwa Turai. A namu ɓangaren, wuraren da suka yi kusa da wannan yanayi su ne Jos da kewayenta, mai tsayin kusan mita 1,200, da tsaunin Mambila a jihar Taraba, wanda ya fi Jos tsayi da sanyi, sai tudun Ngaundare a Kamaru. Idan zafin rana ya haura digiri 30 ya zauna a can kwana da kwanaki, shunayya zai ci gaba da fitar da ganye amma ya riƙa zubar da fure.

Rawaya ɗan gangare ne, yana son digiri 25 zuwa 30, kuma yana jure abin da ya ɗara haka muddin gindinsa bai bushe ba. Burazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman fashon furut, kusan duk rawaya take nomawa. Kano tsayinta bai kai mita 500 ba, Zariya da Kaduna suna wajen 600 zuwa 700, Yamai kuwa wajen 200 kacal. Duk waɗannan ƙasar rawaya ce. Mutumin Kano da ya ɗanɗani shunayya a Jos ya ji zaƙinsa ya kwaso 'ya'yan ya shuka a gida zai ga sun tsiro lafiya, sun hau waya da sauri, sai bazara ta zo ta nuna masa inda aka kwana.

Ko rawayan ma yana da iyaka. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Damagaram, inda watan Afrilu ke kai digiri 40 zuwa sama, furen da ya fito daga Maris zuwa Mayu yawanci zubewa yake yi. A irin waɗannan garuruwa aikin bazara shi ne a raya gindin, amfanin kuma a jira shi daga damina zuwa kaka. A dasa shi inda zai sami ranar safe da hantsi, bishiya ko gini su kare shi daga ranar la'asar. Kada a jingina shi da katangar siminti da ke kallon yamma, kada kuma a bar shi ya hau rufin kwano. Katanga tana ajiye zafi har dare, kwano kuma yana dafa ganye da 'ya'ya.

Abin da za ka samu a kwano

Ɗan shunayya ƙarami ne, kamar giram 35 zuwa 50. Yana da ƙamshi mai ƙarfi da zaƙi, tsaminsa kaɗan, ana raba shi biyu a sha da cokali ba sai an sa sukari ba. Ɗan rawaya yakan ninka shi girma, daga giram 60 har sama da 100, ruwansa ya fi yawa, tsaminsa kuma ya fi kaifi. Wanda ya kai shi baki kai tsaye zai yamutsa fuska, amma a wajen haɗa abin sha shi ne gaba: ɗa uku ko huɗu da ruwa lita ɗaya da sukari sun isa jug, kuma yana tafiya da zoɓo da mangwaro da kankana. Gindin rawaya ya fi na shunayya ƙarfin yaɗo, ya fi shi yawan 'ya'ya a shekara, ya fi shi buƙatar wuri.

Akwai nau'o'in da ke tsakanin biyun. A Yuganda an haɗa shunayya da rawaya aka sami wanda ake kira Kawanda, mai ɓawo ja-ja da manyan 'ya'ya. Hukumar binciken noma ta Kenya ta fitar da rawaya masu zaƙi da ake kira KPF 4 da KPF 11 da KPF 12, don yankuna masu zafi. Idan an sami ɗaya daga cikin waɗannan a hannun mai reno amintacce, ya dace da gangare. Sai dai haɗaɗɗen iri ba ya maimaita kansa ta hanyar ƙwaya. Ka shuka 'ya'yan da ka ciro daga cikinsa, kowane tsiro ya kama gabansa, wani zaƙi wani tsami.

Barbara, inda rawaya ke neman haƙƙinsa

Nan ne bambanci mafi nauyi, kuma nan ne masu rawaya suka fi faɗuwa. Furen shunayya yana buɗewa da sassafe, kuma garin furensa yana iya barbarar kansa, don haka gindi ɗaya tak zai yi 'ya'ya. Furen rawaya sai wajen azahar yake buɗewa, ya rufe da yamma, kwana ɗaya ne rayuwarsa, kuma mafi yawan gindin rawaya ba ya karɓar garin furen kansa. Sai an kawo masa na wani gindin da ba jininsu ɗaya sak ba. Gindi ɗaya na rawaya zai iya yin fure ɗari ya zubar da ɗari.

Saboda haka mai zaɓen rawaya ya dasa aƙalla gindi biyu, uku ya fi, kuma su fito daga ƙwayar 'ya'ya daban-daban, in da hali daga gonaki daban. Rassa goma da aka yanko daga gindi ɗaya aka dasa, a wajen barbara gindi ɗaya ne.

Garin furen yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa. Mai yin aikin shi ne babban ƙwaron nan mai ƙugi, baƙi ko mai rawaya a ƙeya, ɗan uwan ƙudan zuma, wanda ke huda busasshen itace da azara ya yi gida. Girmansa ya sa in ya shiga shan zumar fure bayansa na gogar kan namiji da na mace. Ƙudan zuma da muka sani ya yi ƙanƙanta ga furen rawaya. Yakan kwashe garin ya tafi da shi bai taɓa macen ba, har ya bar furen ba abin barbara. Idan kana ganin babban ƙwaron a unguwarku, ka ajiye busasshen gungume ko tsohon gora kusa da shukar ya sami wurin zama, kuma kada ka yi feshin maganin ƙwari daga azahar zuwa magariba.

Idan babu shi, hannu zai yi, kuma minti goma ya isa gindi uku. A tsakiyar furen akwai kawuna biyar masu ɗauke da gari rawaya, su ne maza, suna kallon ƙasa. A samansu akwai sanduna uku masu dunƙulallen kai, su ne mata. Lokacin da furen ya buɗe matan suna miƙe sama. Bayan awa ɗaya zuwa biyu sai su lanƙwaso ƙasa su yi daidai da mazan, lokacin nan ne suke shirye, wato tsakanin azahar da la'asar. Ka shafi garin furen gindi na farko da yatsa ko auduga ko gashin kaza, ka shafa a kan duk kawuna uku na matan furen gindi na biyu, sannan ka kwaso na biyun ka dawo wa na farko. Duk ukun, domin yawan garin da ya shiga shi ne yawan ƙwayar da ɗan zai yi, kuma ruwan yana cikin 'yar jakar da ke lulluɓe da kowace ƙwaya ne. Ɗan da aka yi wa rabin barbara zai girma kamar kowa, ka ɗaga ka ji shi sakayau. Akwai furen da matansa ba sa lanƙwasowa sam, suna nan a tsaye har ya rufe. Kada ka ɓata lokaci a kansa, ba ya kamawa, amma garinsa yana da amfani ga wani.

Ruwan sama da ya sauka cikin awa biyu bayan barbara yana fasa garin ya lalata aikin ranar. Shi ya sa a watan Agusta, lokacin da hadari ke yawan haɗuwa da rana, rawaya ke zubar da fure duk da gindin na cikin ƙoshin lafiya. Furen da ya kama, cikin kwana uku zuwa huɗu za a ga ɗan kore ya fara kumbura. Daga nan zuwa nuna kwana 60 zuwa 80 ne.

Wanda ba ya gida da rana, kuma ba mai yi masa wannan aikin, kuma ba babban ƙwaron a unguwarsu, ya sake tunani kafin ya dasa rawaya.

Abin da ke cikin ƙasa

A nan rawaya ne ke rama abin da ya rasa. Shunayya yana da rauni ga cututtuka biyu na ƙasa. Ta farko naman gwari ne mai suna Fusariyam, wanda ke shiga ta saiwa ya toshe hanyar ruwa. Alamarta ita ce gindi mai lafiya, cike da ɗanyun 'ya'ya, ya yi yaushi cikin kwana biyu ko uku ko da ƙasa na jiƙe, wani lokaci gefe ɗaya ya fara. Ka tsaga karan kusa da ƙasa za ka ga cikinsa ya koma ruwan ƙasa ko ja-ja. Ba maganin da ke dawo da shi. A tumɓuke a ƙone, kuma kada a sake dasa fashon furut a ramin. Ta biyu ƙananan tsutsotsin ƙasa ne da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle, irin waɗanda masu lambun tumatir da kuɓewa suka sani, kuma sun fi yawa a jigawa. Rawaya yana jure duka biyun fiye da shunayya nesa ba kusa ba.

Akwai wadda ba ta ƙyale kowanne ba, wato ruɓewar wuyan gindi. Daidai inda kara ya haɗu da ƙasa sai ya kumbura, ya tsattsage, ya ruɓe. Ruwan da ke kwanciya a gindi ne ke jawo ta, da raunin fartanya, da ciyawar rufi da aka tura har jikin karan. Ƙasar laka ko fadamar da ke riƙe ruwa a damina ba wurinsa ba ce, sai dai a tara tudu mai tsayin santimita 30 zuwa 40 a dasa a kai. Yana son ƙasa mai sakin ruwa, mai ɗan tsami kaɗan, ma'aunin pH 5.5 zuwa 6.5.

Sai cutar da ke mayar da ɗan kamar itace. Ganye ya yi dabbare-dabbare ya murɗe, 'ya'yan su fito ƙanana, karkatattu, ɓawo mai kauri da tauri, ciki ba ruwa. Ƙwayar bairos ce, darɓa, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, ke yaɗa ta daga shuka zuwa shuka, almakashin aski ma yana ɗaukarta. Abin lura ga mutanenmu shi ne, a Afirka da Burazil babban bairos ɗin da ke haddasa ta shi ne wanda ke kama wake. Shuka wake a ƙarƙashin wayar fashon furut don kada fili ya zauna banza, dabara ce da ke iya cinye gindin duka. A nisanta shi da wake, da kabewa da kokwamba da kankana, waɗanda ke tara darɓa kuma suna da nasu bairos ɗin da ke kama shi. Gindin da ya kamu a cire shi tun kafin ya shafa wa na kusa.

Ƙwaya, reshe ko aure

Ƙwaya ita ce mafi araha kuma ita ta fi dacewa da rawaya, tunda kowane tsiro jininsa daban, abin da barbara ke nema ke nan. A zaɓi ɗa babba da ya nuna ya faɗo da kansa daga gindi mai lafiya. A zuba cikinsa a kofi a bar shi kwana uku ya yi tsami, a murje a rariya a wanke, a shanya a inuwa kwana biyu. A shuka a leda mai ƙasar sama kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, zurfin santimita ɗaya, ƙwaya biyu a kowace leda, daga baya a cire mai rauni. Sabuwar ƙwaya tana tsira cikin mako biyu zuwa uku. Wadda ta yi watanni a ajiye takan ɗauki wata biyu, wata ma ba za ta fito ba. Dashe ya isa fita idan ya kai santimita 20 zuwa 30, wato mako shida zuwa goma.

Reshe yana da fa'ida ɗaya: abin da uwar take shi za ka samu, kuma yana riga na ƙwaya fure. A yanko reshe mai kaurin fensir mai gaɓa uku ko huɗu, a cire ganyen ƙasa, a rage na sama rabi, a soka gaɓa biyu cikin yashi mai damshi, a kife da farar leda a inuwa. Saiwa na fitowa cikin mako huɗu zuwa shida. Illarsa biyu ce. In uwar na ɗauke da bairos, ɗan ma na ɗauke da shi tun ranar farko. Sannan ga rawaya, dole a yanko daga uwaye daban-daban.

Aure shi ne hanyar mai shunayya, kamar yadda ake yi wa mangwaro da lemo: a ɗora kan shunayya a kan gindin rawaya, a sami zaƙin wannan da ƙarfin saiwar wancan. Ana renon rawaya daga ƙwaya har karansa ya kai kaurin fensir. A yanke shi a tsayin santimita 30 zuwa 40 daga ƙasa, a tsaga kan da reza mai tsabta zurfin santimita biyu zuwa uku. A samo kan reshen shunayya mai ido biyu ko uku, kaurinsa daidai da na gindin, a fere ƙarshensa gefe biyu ya yi tsini, a cusa a tsagar yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo aƙalla ta gefe ɗaya. A naɗe da siririyar leda, a kifa wata 'yar leda a kai don kada ya bushe, a ajiye a inuwa. Cikin mako biyu zuwa uku idanun za su tofo. A kwance ɗaurin bayan wata guda kafin ya shaƙe karan. Dalilin yin auren a sama haka shi ne kada ruwan sama ya fantsamo ƙasa mai cuta zuwa jikin shunayyan. Da wannan dalilin ne kuma ba a binne mahaɗar lokacin dashe. Duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗa na rawaya ne, a cire shi yana ƙarami, in ba haka ba zai fi ƙarfin na sama ya kashe shi.

Aure yana kare saiwa ne kawai. Bai sa shunayya ya jure zafin Kano ba, bai kuma hana bairos ba.

Abin da zai hau

Fashon furut yana yin 'ya'ya ne a sabon reshe kaɗai, fure ɗaya a gindin kowane ganye. Reshen da ya yi 'ya'ya bana ba zai sake yi a wurin ba. Wannan shi ne ma'aunin da za a auna kowace irin madogara da shi: shin za ta bar ka ka kai hannu ka aske tsohon reshe?

Waya ɗaya a kan turaku ita ta fi cin wannan gwajin. Turke mai tsayin mita 2.7, a binne santimita 60, waya ta zauna a wajen mita biyu daga ƙasa. Tsakanin turaku mita huɗu zuwa biyar, na ƙarshe biyun a tokare su da kyau, don gindi mai 'ya'ya bayan ruwan sama yana da nauyi sosai. A yi amfani da kakkaurar waya marar tsatsa. Igiyar roba rana na cinye ta cikin shekara. Turken itace kuwa gara ba ta barinsa a yawancin gidajenmu, bututun ƙarfe da aka dasa da siminti ya fi tsada amma sau ɗaya ake saye. Tsakanin gindi da gindi mita uku ga rawaya, mita biyu zuwa biyu da rabi ga shunayya. Layin ya bi kudu da arewa don kowane gefe ya sami rana.

Horon shi ne a bar kara ɗaya tak ya bi sanda ko igiya ya hau, ana tsinke duk tohon gefe. Ya kai waya a tsinke kansa, a bar rassa biyu, ɗaya ya bi dama ɗaya hagu, ana naɗa su a hankali. Daga waɗannan ne rassan 'ya'ya za su sauko kamar labule. A riƙa warware siraran zaren da suke kama juna da su don su rataya a sake, a kuma datse duk wanda ya kusa taɓa ƙasa da santimita 20 zuwa 30. Bayan an gama tsintar 'ya'ya a yanke kowane reshen da ya gama aiki a bar masa gaɓa biyu ko uku daga babban reshen, sabo zai fito daga nan. A goge almakashi da ruwan bilic kafin a koma gindi na gaba.

Rumfa ta fi kyau a tsakar gida, tana ba da inuwa, 'ya'yan suna rataye a ƙasanta rana ba ta ƙona su, kuma a shekarar farko takan fi waya yawan amfani. Matsalar tana zuwa a shekara ta biyu. Sabon yaɗo ya hau kan tsoho, na ƙasa ya mutu ya zama tarin busasshen kara da ke riƙe damshi da ƙwari, furen kuma yana can sama inda hannu ba ya kai. Ga shunayya mai barbarar kansa, rumfa ba laifi in za a yi mata aski mai tsanani sau ɗaya a shekara. Ga rawayan da za a yi wa barbarar hannu, kada rumfar ta wuce mita biyu, ko a haƙura da ita.

Shingen waya mai raga yana yi in ba wani wurin, amma yaɗon na saƙa kansa a ciki har aski ya gagara. Barinsa ya hau bishiya kuma sallama shi ne.

Rami, taki da ruwa

Waɗannan kusan ɗaya ne ga nau'in biyu. Rami santimita 50 faɗi da zurfi, a haƙa mako biyu kafin dashe. A gauraya ƙasar sama da bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen takin dabbobi da takin sufa cikin ƙaramin gwangwanin tumatir biyu. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. A dasa da yamma, ƙasar ledar ta yi daidai da fuskar ƙasa ko ta ɗan ɗara. Farkon damina ya fi, wato Afrilu zuwa Mayu a Jos, Yuni a Kano, ke nan renon ya fara wata biyu kafin haka. Fure na farko yana zuwa wata shida zuwa tara bayan dashe, babban amfani kuma a damina ta biyu.

Wata guda bayan dashe a ba kowane gindi NPK 15-15-15 rabin ƙaramin gwangwanin tumatir, a zagaye nesa da kara da taƙi ɗaya. A riƙa ƙarawa har ya kai gwangwani biyu duk wata biyu zuwa uku ga babban gindi, a binne sama-sama a bi da ruwa. Yuriya ita ce ke yaudarar mutane: ganye ya yi kore shar, yaɗo ya haukace, fure ya ƙi zuwa. Da zarar ya fara fure abin da yake nema sinadarin fotash ne, kuma tokar murhu tafi ɗaya ko biyu duk bayan wata biyu tana taimakawa, ban da a ƙasa mai kanwa.

Saiwarsa a sama-sama take, tana bazuwa nesa, don haka ba a noma gindinsa da fartanya, da hannu ake cire ciyawa. A rani babban gindi na son lita 20 zuwa 30 sau biyu ko uku a mako, a jigawa da bazara kusan kullum. A lulluɓe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa kaurin yatsu huɗu, a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da kara. Ƙishi a lokacin da 'ya'ya ke girma yana sa su yanƙwane tun suna kore su zube. Iskar hunturu ma tana busar da fure, don haka katanga ko danga ta gefen arewa maso gabas tana da amfani.

A wurare masu yawan ruwa irin Jos da Mambila, ciwon ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a ganye da 'ya'ya shi ne na damina. Rage cunkoson rassa don iska ta ratsa, da kwashe ganyen da ya zube, su ne rabin maganin, sauran kuma feshin mankozeb ko maganin tagulla duk mako biyu a tsakiyar damina, bisa ma'aunin da ke jikin kwalin. Darɓa da farin ƙwaron nan mai kama da auduga, ruwan darbejiya da ɗan sabulu da sassafe ko bayan magariba ya ishe su. Ƙudan da ke huda mangwaro yana huda ɗanyen fashon furut ma, wurin ya yi ƙulli ko ɗan ya faɗi, don haka kada a bar ruɓaɓɓen mangwaro a ƙasa kusa da shi.

Ba a tsinkar fashon furut ɗanye. Ba ya zaƙi, kuma ɗanyen yana da sinadari mai guba da ke gushewa sai ya nuna. In ya nuna da kansa yake faɗowa, sai a tsince kowace safiya kafin rana ta ƙona shi. A ajiye shi a inuwa kwana uku zuwa biyar, ɓawon ya ɗan yanƙwane, tsamin ya ragu. Wajen haɗa abin sha kada a niƙa har ƙwayar ta farfashe, a kaɗa kaɗan a tace.

To wanne?

Mazaunin Kano, Zariya, Kaduna, Bauchi, Abuja, Maraɗi da makamantansu: rawaya, daga ƙwaya, gindi uku daga 'ya'ya daban, a kan waya ɗaya, da niyyar barbarar hannu bayan azahar. Yana buƙatar layi mai tsawon mita tara. Wanda filinsa bai kai haka ba zai iya dasa gindi biyu kusa da juna, tazarar mita ɗaya, ɗaya ya bi waya dama ɗaya ya bi hagu.

Mazaunin Jos ko Mambila ko Ngaundare yana da zaɓi biyun. In don sha da cokali ne ko wurin gindi ɗaya kawai gare shi, shunayya mai aure a kan rawaya. In don abin sha mai yawa ne, rawaya na yi a Jos, amma a wurare masu sanyin Mambila yana jinkirin girma da fure. Shunayya daga ƙwaya ba tare da aure ba sai a ƙasar da ba a taɓa ganin ciwon yaushi ko ƙullin saiwa a cikinta ba.

Kowanne aka zaɓa, ba bishiya ba ce. Rawaya yakan ba da amfani mai kyau shekara uku zuwa biyar, shunayya marar aure sau da yawa biyu zuwa uku. A shekara ta uku ya kamata a fara renon sababbi a leda, a haƙa musu rami a wani wurin daban da na tsofaffin.